Wanki Uku Ba Ɗaya Ba Ne

Sorrel Gap, Kentucky
29 ga Nuwamba, 1994

Zuwa ga Twyla, Doguwa,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya kamar yadda nake, in an cire ƙugu da kunnen hagu, su kuwa ba sabon labari ba ne. Sanyi ya sauka. Mavis maƙwabciyata tana gaishe ki. Ita ke rubuta mini adireshi a bayan ambulan yanzu, don yaron gidan waya ya ce rubutuna kamar kaza ta bi ta kan toka. Na ce masa ni aji huɗu na yi, shi da ya yi goma sha biyu ga shi nan yana lasar kan sarki.

Saƙonki ya iso, bargo da guntun jarida. Na gode. Bargon yana da ɗumi, launinsa ne dai kamar aman kare, amma ba mai ganina a gado. Jaridar kuwa Mavis ta karanta mini sau biyu da ƙarfi. An ce kwalejinku ta Wexley ta je gasar ƙwallon kwando ta hutun Godiya, bikin nan na cin talotalo, wasa uku cikin kwana uku, kun zo na biyu, ke kuma kin ci maki goma sha tara ran Asabar. Da mijina Virgil yana da rai da ya manna takardar a ƙofar coci. Shi da kakanki 'ya'yan wa da ƙane ne kawai, amma har ya mutu "jikata" yake ce miki. Ni dai na sa ta a jikin firji kusa da jadawalin wasanninku.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne layin ƙarshe. An ce a wasa na uku an fita da ke kina ɗingishi. Ke ba ki faɗi wannan a taki takardar ba, sai surutu a kan talotalo. Shekara ashirin da shida ina wanke rigunan 'yan wasa a kwalejin garin nan, na san bambancin ɗingishin idon sawu da na gwiwa. Wanne ne? Ki faɗa mini gaskiya. Shekara biyu kika yi a gidana bayan ramin kwal ya rufta da ubanki, uwarki ta tafi Dayton neman aiki, kuma ko sau ɗaya ba ki iya yi mini ƙarya ba tare da kin sosa hanci ba. A takarda ba zan ga hancin ba, don haka ki ji tsoron Allah.

Kada ki kira waya. Ba na ji, sai in yi ta "iye, iye" kamfani yana cin kuɗinki.

Kakarki ta aro,
Opal Tackett

*

Kwalejin Wexley, Indiana
9 ga Disamba, 1994

Kaka Opal,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙugu, yaya sanyi? Ki gaida mini Mavis. Bargon nan shi kaɗai ya rage a kanti, ki yi haƙuri da launinsa.

To, na sauke hannu daga hanci. Gwiwa ce, ta dama. Likita ya ce wata jijiya ta tsinke, sai an yi aiki, an sa ranar 11 ga Janairu. Wasan bana ya ƙare mini ke nan. Kwana biyu na yi ina kuka, don kin san bana ce shekarata ta huɗu, ta ƙarshe da doka ta ba ni in yi wasa, ga shi karatun aikin nas da nake yi saura shekara guda bayan wannan, saboda canza fanni da na yi. Wasan nan shi ke biya mini makaranta. In babu shi babu karatu, sai dai in bi Mama zuwa masana'anta.

Amma ki ji abin alheri. Akwai doka ta masu rauni. In mutum ya ji ciwo a farkon kakar wasa, kuma bai buga fiye da wasa ɗaya cikin biyar na shekarar ba, ana mayar masa da shekararsa sukutum, kamar bai taɓa ta ba. Ga mu, iyakar wasa shida ne. Koci Hobart ya zaunar da ni a ofishinsa ya lissafa a allo. Na buga uku kafin hutu, sai gasa, ita kuwa hukuma ɗaya take lissafa ta komai yawan wasannin cikinta. Huɗu ke nan. Ya ce, "Sizemore, har rarar biyu gare ki." Baɗi zan dawo da gwiwa sabuwa, in yi wasa, in gama karatu. Na kusa rungume shi da allon gaba ɗaya.

Ga babban labarin yanzu. Duba jadawalin da ke jikin firjinki: 30 ga Disamba, ƙarfe huɗu, da kwalejin Sorrel Gap za mu yi, a zaurenku, inda kika fara miƙa mini ƙwallo kika ce in je in yi ta jifa in daina damunki kina wanki. Shekara huɗu ina wasa ba ki taɓa ganina ba. Na roƙi koci, na roƙi mai ɗaure mana ƙafa, sun yarda a ɗaure gwiwar tam a sa ni minti biyu kacal a ƙarshen wasa. Ba gudu zan yi ba, tsayawa zan yi a gefe in an miƙo in jefa. Wasa na biyar ke nan, ba abin da zai taɓa.

Kaka, shekararki saba'in da tara. Ba na son in jira baɗi. Ki sa rigarki ta coci ki zauna a layin gaba.

Taki,
Twyla

*

Sorrel Gap
15 ga Disamba

Doguwa,

Na gaishe ki. Lafiyata ƙalau. Allah ya ba ki lafiya, ya sa aikin ya yi kyau. Gwiwa ba mutuwa ba ce, na ga waɗanda aka yi wa suka dawo suna tsalle kamar awaki.

Yanzu ki buɗe kunne, ke da naki suke aiki. Kocinki ya yi kuskure. Ban ce mugu ne ba, yaro ne.

Lissafi biyu ne, ya haɗa su ya yi ɗaya. Na farko na kwaleji ne. Hukuma ta ce kowace makaranta wasa ashirin da takwas za ta yi a shekara, kada ta wuce, don a bar yara su ɗan leƙa littafi. Sai aka yi musu rangwame, aka ce in sun je gasa a rubuta ɗaya ko da uku suka buga. Ƙirga jadawalinku da yatsa. Ni na ƙirga: a takarda ashirin da takwas, a ƙasa talatin. Wannan rangwamen na makaranta ne, don ta samu ƙarin wasa ta sayar da tikiti. Ba a yi shi don gwiwarki ba.

Na biyu shi ne naki. A nan ba ruwansu da sunan wasa. Littafin teburin masu rubuta maki suke buɗewa, su ga sau nawa aka rubuta lambarki kin taka fili. Ni ban yi boko ba, amma in 'yan matanmu suka dawo daga gasa, sau uku nake cika injin wanki. Wanki uku ba ɗaya ba ne. Uku da uku shida. Kin cika mudu, Twyla, ba rarar ko ƙwaya. Minti biyun nan da kike faɗa, ko daƙiƙa biyu ce, wasa na bakwai ne.

Za ki ce ina na sani. A 1986 muna da wata yarinya, Darlene Combs, hannunta kamar an auna shi da kwandon. Ta karye a ƙafa bayan gasar Godiya. Kocinmu na lokacin ya yi mata irin lissafin nan na allo, ya sa ta wasa ɗaya don iyayenta sun zo daga nesa. Da bazara takardar hukuma ta zo. A ɗakin wankina ta buɗe ta, tana zaune a kan kwandon tawul, ta karanta mini da ƙarfi har sau uku don ta ɗauka ita ce ba ta gane ba. Da wasa ɗaya ta wuce iyaka. Ba a mayar mata da shekarar ba. Yau in kika je kantin tayoyi na bakin gada, ita ce a kan kanta. Ba abin kunya ba ne, amma malamar makaranta ta so zama, saura wata tara.

Mai yiwuwa an canza doka tun lokacin. Ban sani ba, ba a aiko mini. Kowace kwaleji tana da mutum guda mai gilashi da ke zaune da littafin dokoki a wani ofis da ba mai shiga. Ki nemo naku. Kada ki tambayi koci, shi ki tambaya, kuma ya rubuta miki a takarda ya sa hannu. In ya ce huɗu ne, ni da kaina zan zauna a layin gaba har da hula. In ba ki samu takardar ba, kada ki sa riga. Rigakafi ya fi magani.

Batun shekaruna kuwa, ki bar wa Mai su. Na gode da kika tuna da ni. Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba.

Opal

*

(A cikin katin Kirsimeti)
19 ga Disamba

Doguwa, barka da Kirsimeti. Ga safa, ni na saƙa. Na ji shiru. Maganata tana nan yadda take: kada ki yi wasan nan saboda ni. In kika sa riga ran talatin ba zan kalla ba.

Opal

*

Wexley
23 ga Disamba

Kaka Opal,

Ina gaisuwa. Ina fata kina lafiya. Safa ta iso, na gode.

Katinki ya zo ofishin koci jiya, sakatariya ta miƙo mini a gaban 'yan ƙungiyarmu. Na buɗe ina murmushi, don na riga na cika musu baki cewa tsohuwar da ta koya mini jifa za ta zo kallona. Sai na ga layi uku.

Sati biyu ina jiran amsa. Na rubuta miki shafi biyu, na faɗa miki abin da ban faɗa wa Mama ba. Na san ba kya son tsirfa, na san ranar da aka binne Kaka Virgil ma wake kika dawo kika ɗora. Amma ban zaci za ki ce ba za ki kalla ba, ko dalili babu. In kunya kike ji a ga 'yar gidanki tana ɗingishi a zaurenku, ki faɗa. In kuma dama riƙon da kika yi mini don ba yadda za ki yi ne, shi ma ki faɗa, na girma.

Makaranta ta watse, an rufe ɗakunan kwana, mu 'yan wasa an kwashe mu zuwa wani masauki a bakin hanya. Ba zan je gida ba bana.

Zan sa rigata ran talatin. In kin zo, to. In ba ki zo ba, zan yi don Kaka Virgil.

Twyla Sizemore

*

Sorrel Gap
31 ga Disamba

Twyla,

Na gaishe ki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba. Ina fata kun isa lafiya. Ni ƙuguna ya kwana yana zagina saboda matakalar jiya.

Ni ce na jiƙa rigarki. Na san kin sani, amma gara ki ji daga bakina, kuma ki daina zargin yarinyar da ke ɗaukar muku jakunkuna.

Takardarki ta zo ran Laraba. Da na karanta na gane ba ki ga doguwar wasiƙata ta ran sha biyar ba. Na tambayi Mavis, ashe waccan ta aika ta ɗakin kwananku, katin kuma da ta rasa tsohon ambulan sai ta kwafi adireshin da ke ƙasan jadawali. Wato jela ta iso, kai yana kulle a akwati. Na ce ta kira makarantarku. Ta kira sau huɗu, inji ne ke amsawa, wai sai tara ga Janairu. Saura kwana biyu, takarda ba za ta kai ba.

Jiya da ƙarfe biyu na je zaure. Na nemi in gan ki, wani mai jar hula ya ce baƙi suna taro, ba a shiga. To, shekara bakwai da barin aikina, amma ba wanda ya taɓa tambayata makullin ƙofar baya, ni ma ban tuna musu ba. Kuna can kuna ɗumama jiki na shiga ɗakin baƙi. Riguna a rataye a jere, ga lamba goma sha huɗu. Na ɗauke ta. Na duba jaka na ɗauke ta ajiyar ma, wadda ba suna, don na san dabarar. Na sauka ƙasa na zuba su a babban inji, na sa ruwan sanyi. Injin busarwa kuwa tun ina aiki minti hamsin yake ɗauka, in ya ga dama.

Ina zaune a kan kwandon tawul sai ga kocinki ya faɗo kamar an koro shi, Cletus mai shara yana bayansa yana haki.

Ya ce, "Baiwar Allah, wace ce ke? Me kike yi da kayanmu?"

Na ce, "Wanki."

"Wa ya sa ki? Wankakku ne!"

Na ce, "Ɗan nan, rage murya, kunnen dama yana aiki. Wasa nawa Twyla ta buga?"

Ya ce huɗu. Na ce shida. Ya ce, "Mama, gasa ɗaya ake lissafa ta, kowa ya san wannan." Na ce, "Da kuka je gasar, sau nawa aka wanke rigar nan?" Ya ce me ya haɗa wanki da doka. Na ce, "Sau nawa mai teburi ya rubuta lambarta?"

Cletus ya ce, "Koci, ni dai shawara, kada ka ja da ita. Shugaban makaranta uku ta binne."

Na ce, "Biyu. Na ukun ritaya ya yi."

Na ba shi labarin Darlene. Ya ce ai wannan tsohon zance ne, shi ya je kwas. Na ce, "Madalla. Kana da takarda mai sa hannu?" Ya ce mai dokokinsu, wani Mista Ferris, yana Florida wurin 'yarsa. Na ce, "To in kai ne da gaskiya, ta yi asarar minti biyu. In ni ce da gaskiya, ta yi asarar shekara. Kai za ka biya mata makaranta?" Ya tsaya yana kallon rigar tana juyawa a cikin gilashi. Can ya ce zai iya aro mata ta wata. Na ce zai iya, ni ma zan iya zuwa tsakiyar fili in kwanta, a ga alƙalin wasan da zai ɗaga ni.

Ya ce, "Kin san za a iya kira miki 'yan sanda?" Na ce wanda ke kan aiki yau ni na wanke masa wando lokacin yana ɗan wasa, kuma na san abin da na gani a ciki.

Bai yi dariya ba, amma bai aro rigar ba. Wannan na yaba masa. Ban san me ya gaya miki ba, na dai ga ba ki gamsu ba.

Sauran kin gani. Na zauna a bayan bencinku da rigar coci. Kin zauna da rigar sanyi kin harɗe hannu, wuyanki kamar an kafa turke, ba ki waiwayo ba ko sau ɗaya. Da aka tashi na miƙa wa yarinyar jakunkuna rigunan a ninke, da ɗumin guga. Na tsaya a bakin mota da kwanon wake da burodin masara, kika wuce ni kika hau. Direba ya karɓa. Ki tambaye shi kwanona.

Batun wai na riƙe ki don ba yadda zan yi. Akwai yadda zan yi. Gidan marayu yana nan a Hazard, mota tana zuwa kullum. Kada ki ƙara rubuta mini wannan shirmen.

Cletus ya karɓe makullin. Sa shi aka yi ya karɓa. Da ya miƙo hannu idonsa ya yi ja, na ce ya tafi ya share zaure.

In na yi kuskure, na hana ki abin da ba zai dawo ba, kuma ba zan ce ki yafe ba. Ki je wurin Ferris ɗin.

Opal

*

Wexley
17 ga Janairu, 1995

Kakata,

Ina gaishe ki, gaisuwa irin wadda ban yi a bakin mota ba. Yaya ƙugu? An yi aikin ran Laraba, likita ya ce ya yi kyau. Ina kwance ƙafa a sama kamar kazar da aka gasa. Mama ta zo ta kwana uku, tana gaishe ki.

Ran tara aka buɗe ɗakunan kwana. A akwatina na samu wasiƙu biyu, ta sha biyar ga Disamba da ta talatin da ɗaya. A tsaye na karanta su a gaban akwatunan, mutane suna ture ni. Ban ko hau sama ba, na ja ƙafa zuwa ofishin Mista Ferris. Yana da gilashi kuwa, kuma sai da na tambayi mutum uku kafin a san inda ofishin yake.

Ya buɗe littafi, ya kira hedikwata, ya ajiye waya, ya cire gilashin ya goge. Ya ce, "Shida ne. Wa ya ce miki huɗu?" Na faɗa. Ya ce, "Wa kuma ya ce miki shida?" Na ce kakata, mai wanki ce. Ya ce, "To ki gaya mata in tana neman aiki akwai kujera a nan." Ya rubuta, ya sa hannu. Ga kwafi na sa miki a ciki. Ya ce da zarar kakar wasa ta ƙare zai aika da takarduna, kuma bai ga abin da zai hana ba, tunda ban taka fili ran talatin ba.

Koci Hobart ya zo asibiti da furanni. Ya daɗe yana murza hula. Ya ce ranar ya gaya mini "akwai shakka a lissafi" ne kawai don ya kasa cewa wata tsohuwa ta kayar da shi a ɗakin wanki. Ya ce tun daga ranar bai ƙara rubutu a allon nan ba sai ya kira Ferris. Yana tambaya ko kina shan kofi, zai aiko.

Kaka, ban san yadda zan faɗa ba. Na zauna a gabanki awa biyu ina jin numfashinki a bayana, ina addu'a ki taɓa kafaɗata don in ture hannun. Abin da na rubuta miki ran ashirin da uku, da ana cin takarda da na cinye ta. Kin rasa makullinki saboda ni. Ki yafe mini.

Kwanon yana wurina. Direba ya cinye waken, ya ce a gaya miki gishiri ya ɗan yi yawa.

An fitar da jadawalin baɗi. Sorrel Gap ne za su zo mana, 2 ga Disamba. Awa biyar ne a mota. Na riga na yi magana da Mavis a waya.

Jikarki, ba ta aro ba,
Twyla

*

Sorrel Gap
24 ga Janairu

Doguwa,

Na gaishe ki. Sannu da jiki. Ki yi abin da masu gasa miki ƙafa a asibiti suka ce ko da zafi, kada ki yi musu wayo. Ni lafiya lau. Dusar ƙanƙara ta karya mini reshen tuffa guda, dama ba ya 'ya'ya.

Takardar Ferris tana jikin firji, na cire ta kamfanin wuta na sa ta. Ki ce masa na gode, amma ba na aikin zaune. Kocinki ya aiko da kofin, mai kyau ne, ki ce na yafe masa rabi. Direba kuma ki ce masa wanda ya ci na Allah-ya-isa ba ya zaɓen gishiri.

Batun yafiya, ba abin yafewa. Kin ga jela ba kai, kowa ma zai ce maciji ne. Da na ƙara layi biyu a katin da ba a yi haka ba, amma katin ƙarami ne kuma rabinsa hoton raƙuma. Ni ce ma zan gode. Shekara ashirin da shida ina wanke gumin 'ya'yan mutane, ba wadda ta taɓa cewa za ta shiga fili da tsinkakkiyar jijiya don in gani. Wauta ce, amma na karɓa.

Ran Asabar na bi ta kantin tayoyi na ba Darlene labari. Ta ce, "Inna Opal, ina ma kin jiƙa tawa." Na ce lokacin ban sani ba, a kanta na koya. Ta ce a gaya miki ki gama karatun nan ko da rarrafe. Na faɗa miki.

Makulli kuwa kada ya dame ki. Virgil ya yanka mini guda biyu tun 1971.

Kin ce 2 ga Disamba. Ban yi miki alkawari ba, ba ni ke riƙe da littafin ba, kuma Mai riƙe da shi ba ya yin rangwamen gasa. Amma na aika a kawo mini irin wake da na tumatir, na kuma ce wa Mavis ta sa a duba tayoyin motarta kafin kaka.

In na zo, ba minti biyu nake so ba. Ki buga har rigar ta jiƙe ta yi wari, ki cire ki miƙo mini. Sau ɗaya tak a rayuwata na wanke riga kafin a yi gumi a ciki, kuma ban ji daɗinsa ba.

Ki dawo mini da kwanona.

Kakarki,
Opal